Makin Jami'a: Me Ake Aunawa, Wa Ke Riƙe da Ma'aunin?

Duk lokacin da bikin yaye ɗalibai ya ƙarato, shugabannin jami'o'in Najeriya kan tara 'yan jarida su karanto musu alƙaluma: mutum kaza sun fita da daraja ta ɗaya, kaza da ta biyu babba, kaza da ta biyu ƙarama. A ɗaya ɓangaren kuma masu ɗaukar ma'aikata ba su daina ƙorafi ba, wai ana kawo musu mai digiri wanda ba zai iya tsara wasiƙar ofis mai shafi ɗaya ba. Bankuna da manyan kamfanoni ma sun daɗe da daina dogaro da takarda kaɗai, sai sun zaunar da mai neman aiki sun yi masa tasu jarrabawar. Sau da yawa akan ɗauka ɗaya daga cikin ɓangarorin nan biyu ƙarya yake yi. A ganina duka biyun na iya zama masu gaskiya, domin ba abu ɗaya suke aunawa ba. Jami'a tana auna abin da ɗalibi ya mayar wa malaminsa a ɗakin jarrabawa. Mai ɗaukar aiki kuwa abin da ɗalibin zai iya yi da hannunsa da kansa yake nema, ranar da babu malami babu handaut.

Bari mu fara da ma'aunin da kowa ya sani. A mafi yawan jami'o'inmu kowane kwas maki 100 ne. Ana ware 30 ko 40 don tes da asamen da sauran ayyukan cikin zango, ragowar 70 ko 60 kuma na jarrabawar ƙarshe. Wanda ya samu 70 zuwa sama ya ci A, mai lamba 5, daga 60 zuwa 69 B ne mai lamba 4, haka ake gangarowa har zuwa F, wadda ke sa ɗalibi ya maimaita kwas, abin da ɗalibai ke kira kari-oba. Ana ninka lambar da nauyin kwas ɗin, a tara, a raba, sai a fitar da CGPA, wato matsakaicin makin ɗalibi na duk kwasa-kwasan da ya yi. Daga 4.50 zuwa 5.00 daraja ta ɗaya ke nan, daga 3.50 zuwa 4.49 ta biyu babba, daga 2.40 zuwa 3.49 ta biyu ƙarama. Lissafi ne tsaf, har da ɗigo da lambobi biyu a bayansa, shi ya sa yake kama da abin da ba a yi masa gardama. Amma duk wannan gini a kan abu ɗaya yake zaune: makin da lakcara ya rubuta da jan biro a bangon takardar amsa. Shi ya koyar da kwas ɗin, shi ya zaɓi abin da zai koyar da abin da zai tsallake, shi ya tsara tambayoyi, shi ya rubuta jadawalin raba maki, shi kuma ya duba. Idan yajin aiki ya cinye rabin zango, kamar na ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022 da ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, aka dawo ana gaggawa, malamin ya koyar da babi huɗu cikin goma, to tambayoyi daga babi huɗun nan za su fito. Ɗalibi ya ci A, kuma bai yi maguɗi ba. Takardar sakamako dai ba za ta taɓa faɗa maka cewa babi shida ba a taɓa su ba.

Saboda haka 70 a wannan sashe ba 70 ba ce a wancan, ballantana tsakanin jami'a da jami'a. Akwai malamin da ke alfahari da cewa A ta Allah ce, B tasa ce, ɗalibi daga C yake farawa. Akwai kuma wanda ke raba A kamar goron suna. CGPA ta haɗa su duka ta dama, ta fito da lamba ɗaya.

Masana harkar ilimi sun daɗe suna neman mafita daga wannan, kuma mafitar da ta fi karɓuwa ita ce a juya tambayar. Maimakon a ce me aka koyar, sai a ce me ɗalibi zai iya yi bayan an koyar da shi. Tun 1956 Benjamin Bloom da abokan aikinsa a Amurka suka jera matakan sani hawa-hawa: tuna abu, fahimtarsa, aiki da shi, feɗe shi, haɗa sabon abu daga gare shi, da yanke hukunci a kansa. Manufar ita ce kowane shirin digiri ya rubuta ƙarara abin da mai kammala shi zai iya, a rarraba wannan a kan kwasa-kwasai, sannan kowace tambayar jarrabawa ta zama tana gwada ɗaya daga cikin abubuwan da aka yi alkawari. Idan sashen aikin jarida ya ce ɗalibinsa zai iya tattara labari ya tantance shi ya rubuta, to dole a samu wurin da aka tura shi kasuwa ko kotu ya kawo labari, wani ya duba da ma'aunin da aka sanar tun farko.

Najeriya ba ta rasa wannan a rubuce ba. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, wadda aka kafa a 1962 a matsayin mai ba da shawara kafin ta samu cikakken iko a 1974, ta samu hurumin gindaya mafi ƙarancin mizani ta hanyar Doka ta 16 ta 1985. Ta fitar da mizanin farko a 1989, ta sabunta shi a 2007 da wanda ake kira BMAS, sannan a Disambar 2022, zamanin Farfesa Abubakar Adamu Rasheed, tsohon shugaban Jami'ar Bayero, aka ƙaddamar da sabon mizanin manhaja da ake kira CCMAS, mai rassan ilimi 17. A sabon tsarin NUC ce ke tsara kashi 70 na manhaja, kowace jami'a ta cike kashi 30 da abin da ya dace da muhallinta. ASUU ta yi fatali da shi, tana cewa an ƙwace wa majalisun jami'o'i aikinsu, kuma wannan muhawara ce mai zaman kanta. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, duk wanda ya buɗe kundin CCMAS zai ga a saman kowane kwas an jera abubuwan da ɗalibi zai iya yi idan ya gama: ya bayyana, ya kwatanta, ya tsara, ya warware. Alkawari ne mai kyau.

To sai ka ɗauki takardar jarrabawar kwas ɗin ka duba. Tambaya ta ɗaya: kawo ma'anar kaza. Ta biyu: lissafo dalilai biyar na kaza. Ta uku: rubuta gajeren bayani a kan uku daga cikin waɗannan. Amsa tambaya huɗu cikin shida, awa biyu. Ɗalibin da ya san kan gari ba ya wahalar da kansa da laburare. Yana neman tsofaffin tambayoyin shekara biyar a shagon hoton takardu, ya lura cewa uku daga cikinsu ba sa fashi, ya jira ranar lakcar ƙarshe ko malam zai ba da eriya, wato ya nuna inda tambayoyi za su fito, ya kwana biyu yana haddar handaut, ya shiga ya juye, ya fito ya manta. 'Yan aji sukan gargaɗi sabon shiga: "Wannan malamin, ka ba shi abinsa yadda ya ba ka, kada ka ce za ka yi masa iyayi." Kuma shawara ce ta gaskiya, domin jadawalin makin an ɗauko shi ne daga handaut ɗin kalma da kalma, wanda ya kawo misali daga wani littafi yana iya rasa maki. Manhaja ta yi alkawarin hawa na huɗu da na biyar a tsanin Bloom, jarrabawa ta tsaya a hawa na ɗaya.

Ba hadda ce abin zargi ba. A tsangaya hadda ake nema, kuma hadda ake gwadawa, gwaji mai tsanani: mutum ba ya zama alaramma sai ya kawo Alƙur'ani da ka a gaban waɗanda suka fi shi, ya rubuta shi ba tare da dubawa ba, wasu gwanaye su bi rubutun wasali da wasali. Abin da aka ce za a koya shi aka auna, kuma ba malaminsa kaɗai ne alƙali ba. Matsalar jami'a ita ce ta ce nazari take koyarwa, sai ta auna hadda, haddar ma ta kwana biyu.

Kafin a ɗora wa lakcara laifi gaba ɗaya, a yi masa lissafi. Mizanin NUC ya ce malami ɗaya ga ɗalibi 30 a fannonin fasaha da zamantakewa, 20 a kimiyya, 15 a injiniyanci, 10 a likitanci. Kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa a 2012 ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu don duba buƙatun jami'o'in gwamnati ya tarar da malamai 37,504 ne kacal a cikinsu, kuma kusan kashi 43 cikin 100 ne kawai ke da digirin digirgir. A kwasa-kwasan gama-gari na aji ɗaya da aji biyu ba abin mamaki ba ne ka ga ɗalibai ɗaruruwa a ɗaki guda, wasu a tsaye, wasu a bakin taga. A ce malami yana da takarda 800, ya ba kowace minti goma, ya kama awa 133 ke nan, fiye da mako uku na cikakken aikin ofis, a kwas ɗaya tak, ga shi an ba shi wa'adin miƙa sakamako. Wanda ke cikin wannan hali zai tsara tambayar da za a iya dubawa da kallo ɗaya, lissafo biyar, kowanne maki biyu. Ko kuma a koma jarrabawar kwamfuta ta zaɓi ɗaya cikin huɗu. Ita ma ana iya tsara ta ta gwada tunani, amma rubuta irin waɗannan tambayoyi gwaninta ce da ake koya, kuma yawancin malaman jami'a an ɗauke su ne don sun san fanninsu, ba wanda ya taɓa zaunar da su ya koya musu yadda ake auna ɗalibi.

Akwai masu gadi biyu da aka tanada don kada ma'auni ya karkace. Na farko shi ne mai jarrabawa na waje, al'adar da muka gada daga Ingila: babban malami daga wata jami'a ya duba tambayoyin ajin ƙarshe kafin a yi, ya dawo ya ɗebi takardun amsa ya ga ko makin ya dace, ya zauna a kare furojet. Idan aka yi shi da gaske, babu abin da ya kai shi amfani a duk tsarin. Amma sau da yawa shugaban sashe ne ke ba da sunan wanda za a gayyato, yakan zama aboki ko tsohon malami, yana da yini ɗaya ko biyu, ga tulin furojet a gabansa, kuɗin aikinsa kuma sai an ga dama. Wa zai zo gidan abokinsa ya rubuta cewa jarrabawar nan ba ta kai ba? Kunya ma ba za ta bari ba. Kuma ko ya yi, ajin ƙarshe kawai yake gani, alhali CGPA tun daga aji ɗaya ake tara ta.

Mai gadi na biyu shi ne tantancewar NUC, wadda aka fara a 1990. Tawagar farfesoshi kan zo ta yi 'yan kwanaki ta ba shirin digiri maki: 70 zuwa sama cikakkiyar amincewa ta shekara biyar, tsakanin 60 da 69 ta wucin gadi ta shekara biyu, ƙasa da haka a hana ɗaukar sababbin ɗalibai. Mafi yawan makin yana kan yawan malamai da matakinsu, gine-gine, ɗakunan gwaji, laburare da abin da manhaja ta ƙunsa. Ana duba tsofaffin tambayoyi da takardun amsa da rahoton mai jarrabawa na waje, amma ra'ayin waɗanda suka ɗauki tsofaffin ɗalibai aiki ɗan ƙanƙanin kaso ne. Wato abin da jami'a ta mallaka ake ƙirgawa, fiye da abin da ɗalibi ya fita da shi. Duk wanda ya zauna a jami'a ya san yadda makon tantancewa yake: fenti sabo, allunan suna a ƙofofin ofis, littattafai a kanta da ledarsu, na'urar da aka aro daga wani sashe, wani lokaci har malaman aro. Tawaga na juya baya kowane kaya ya koma gidansu. Ba kowace jami'a ke haka ba, kuma tsoron tantancewa ya tilasta wa hukumomi da yawa sayen abin da da ba za su saya ba. Sai dai na'urar gwaji a ɗaki ba shaida ba ce cewa ɗalibi ya taɓa kunna ta.

Inda abin ya fi tafiya daidai shi ne fannonin da ke da mai gadi na uku, wato ƙungiyar sana'a. Ɗalibin lauya, daga ko wace jami'a ya fito, sai ya je Makarantar Horon Lauyoyi, ko a Bwari ko Bagauda ko Yola ko sauran rassanta, ya zauna jarrabawa ɗaya da kowa. A nan ake ganin mai daraja ta ɗaya daga wata jami'a ya sha da ƙyar, mai ta biyu ƙarama daga wata ya yi zarra. A likitanci ɗalibi ba ya wucewa da rubutu kaɗai, sai ya tsaya gaban marar lafiya ko wanda ke kwaikwayonsa, ya yi tambayoyi, ya duba, ya faɗi abin da yake zato, masu jarrabawa na kallo suna cike takardar maki, daga wannan tasha a buga ƙararrawa ya wuce ta gaba. Injiniyoyi kuma sun ɗauki wata hanya. Hukumarsu, COREN, ta zama mamba ta wucin gadi a Yarjejeniyar Washington a 2023, yarjejeniyar da aka ƙulla tun 1989 don ƙasashe su amince da digirin injiniyancin juna. Sharaɗin shiga shi ne a nuna hujja cewa ɗalibi ya samu ƙwarewar da aka lissafa, don haka malami sai ya nuna wace tambaya ce ta gwada wane alkawari, kashi nawa na aji suka kai, kuma me za a gyara baɗi idan ba su kai ba. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce zuciyar lamarin. A tsarin da muka saba, idan rabin aji suka faɗi, ɗalibai ne ba sa karatu. A wannan tsarin, faɗuwar rabin aji labari ne game da kwas ɗin kansa. Haɗarinsa kuma a bayyane yake: yana iya rikiɗewa ya zama cike jadawali a kwamfuta, a ƙirƙiro lambobi daren da tawaga za ta iso.

Ganin haka wasu ke cewa a yi wa kowane mai digiri jarrabawar fita ta ƙasa baki ɗaya, a huta. Habasha ta yi hakan a 2023, kuma ƙasa da rabin waɗanda suka zauna zagayen farko ne suka ci. Brazil ta fara tata tun 1996, ta sauya mata fasali a 2004 zuwa wadda ake kira ENADE, inda shirin digiri ake ba wa daraja, makin ɗalibi ba ya hawa takardar shaidarsa. Nan ma sai wata matsala ta ɓullo, domin wanda ya san makin ba zai shafe shi ba, ba lallai ya dage ba. A Amurka wasu masana biyu, Richard Arum da Josipa Roksa, sun bi ɗalibai sama da 2,300 da gwajin tunani da rubutu, suka fitar a 2011 cewa kashi 45 cikin 100 ba su nuna wani ci gaban a-zo-a-gani ba bayan shekara biyu, kashi 36 kuma har bayan shekara huɗu. An yi ta jayayya kan hanyar binciken, amma ya nuna cewa ciwon ba namu kaɗai ba ne. OECD, ƙungiyar haɗin gwiwar tattalin arziki ta ƙasashe masu arziki, ita ma ta gwada auna ɗaliban jami'a na ƙasashe 17 da ma'auni ɗaya, wajen ɗalibai 23,000, daga baya aka jingine shirin saboda tsada da rashin goyon bayan manyan jami'o'i.

Ni dai ban ga alheri a jarrabawar fita ga kowa da kowa a Najeriya ba. Mun ga abin da ya faru da jarrabawar kammala sakandare: cibiyoyin da ake biya a ci, da makarantun da suka bar koyarwa suka koma horar da yara kan tsofaffin tambayoyi. Duk jarrabawar da rayuwar mutum ta rataya a kanta, kasuwa za ta buɗe a gindinta. Kuma takarda ɗaya ta awa uku ba za ta auna mai digirin tarihi da mai digirin noma da adalci ba. Abin da ya fi kusa da yiwuwa ya fi wannan araha, sai dai ba shi da armashin da za a kira taron ƙaddamarwa. A cire zaɓen mai jarrabawa na waje daga hannun sashen da zai duba, a biya shi daga wata ma'ajiya daban, rahotonsa ya je majalisar jami'a kai tsaye, a kuma ba shi ikon ɗibar takardu daga aji biyu da aji uku. Tawagar tantancewa ta rage lokacin zagaya gine-gine, ta zaɓi ɗaliban ajin ƙarshe da ƙuri'a, ba waɗanda sashe ya shirya ba, ta ba su aiki na gaske: ga alƙaluma ku fassara, ga na'ura ku auna, ga shafi biyu ku taƙaita. Makin ya hau kan shirin digirin. Jami'o'i kuma su riƙa bin sawun ɗalibansu shekara biyu ko uku bayan hidimar ƙasa, su ji ina suke, me ya amfane su, me suka tarar ba a koya musu ba.

Akwai ma wurare biyu da tuni tsarin ya tanada don auna iyawa, an dai bar su sun lalace ne. Ɗaya shi ne SIWES, horon sanin makamar aiki da Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, ITF, ya ƙirƙiro a 1973, inda ɗalibin kimiyya ko injiniyanci ke shafe watanni a masana'anta. Ma'auninsa littafin rajista ne da ɗalibi ke cikewa, kuma kowa ya san akwai masu cike na wata shida a mako ɗaya su nemi hatimi. Ɗayan shi ne furojet na ajin ƙarshe, wanda ya kamata ya zama wurin da ɗalibi zai haɗa duk abin da ya koya. Tun kafin zuwan ChatGPT a ƙarshen 2022 ana sayar da shi babi-babi a shagunan bakin ƙofar makaranta, a canza sunan ƙaramar hukuma kawai. Yanzu ko shagon ba a buƙata, waya ta isa. Wannan ya kashe darajar duk wani asamen da ake kai wa gida, ya kuma mayar da nauyi kan abin da ake yi ido da ido. Minti goma na tambayar baka, me ya sa ka zaɓi wannan hanya, ina ka samo wannan lamba, me zai faru idan aka sauya kaza, sun fi shafi tamanin masu bangon kwali tona gaskiya. Amma minti goma sau ɗalibi 200 ya haura awa 33 na zaman malamai uku ko huɗu, kuma sashen da ke da malamai takwas ba zai iya ba sai an rage yawan waɗanda ake ɗauka ko an ƙaro malamai. Jami'o'in gwamnati kuwa matsin lamba suke sha su ƙara ɗauka, masu zaman kansu kuma da kuɗin makaranta suke rayuwa, yawan masu daraja ta ɗaya talla ne a gare su.

Rukunin farko da suka fara karatu da CCMAS a zangon 2023/2024 za su fara fita ne daga wajen 2027 a shirye-shiryen shekara huɗu, idan kalanda ba ta sake goce wa ba. Duk mai son sanin ko sabuwar manhajar ta sauya wani abu, ya nemi takardun jarrabawar kwas ɗaya na 2019 da na shekarar da za su fita, ya ajiye su gefe da gefe, ya ƙirga tambayoyi nawa ne har yanzu ke farawa da "lissafo".